Ɗan'uwa, kada ka jingina da set -e cikin loop

Wallahi ɗan'uwa ina karanta tambayarka gabana ya faɗi. Ka ce ka sa set -e, wato umarnin da ke sa bash ya tsayar da script in wani umarni ya gaza, a sama amma umarni ya gaza cikin loop kuma script ɗin ya ci gaba abinsa, to abin da ya kusa raba ni da aikina ke nan a nan Jidda.

Azumin bara ne, ana tsakiyar cunkoson umara, na rubuta function mai suna share da zai yi cd, wato ya shiga, cikin foldar kowane ayari ya goge tsofaffin hotunan fasfo, na kira shi a loop haka: share "$d" || echo matsala. Ashe da ka sa || a bayansa, ko ka saka shi a sharaɗin if ko while, bash ya daina kula set -e a duk cikin function ɗin. Wani ya canja wa folda ɗaya suna bai faɗa wa kowa ba, cd ya gaza, rm, umarnin gogewa, ya afka wa babbar folda inda sababbin fasfo suke. Mudir, wato manajanmu, ya tsaya a kaina gaban kowa yana ta faɗa har da ambaton iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, shi kuwa wanda ya canja sunan yana zaune ya yi tsit kamar ruwa ya cinye shi. Ni kaɗai na kwana ina sake sikanin har sahur, da ruwa kawai na ɗauki azumi. Har yau wanda ya canja sunan bai ce min yi haƙuri ba, kuma kullum sai mun gaisa.

Don Allah kowane cd ka rubuta cd "$d" || exit 1 da hannunka. In kuma bututu ka yi, wato cat jeri | while read, loop ɗin a subshell, wato wani bash na daban, yake gudu, exit ɗinka shi kaɗai zai kashe, gara done < jeri. Ka ƙara set -o pipefail, in ba haka ba sakamakon umarnin ƙarshe na bututun kawai ake dubawa. Kafin rm ka fara sa echo ka ga me zai goge. Kuma duk wanda zai taɓa folda a wurin aikinku ya rubuto a guruf, don ran da abu ya ɓaci kan bare ake ɗorawa.

ShellCheck ma, manhajar duba kurakuran script, yana kama cd maras kariya, amma ba ya gargaɗi a kansa in akwai set -e a script ɗin. Turo loop ɗin naka in duba maka bayan isha.