Amsa ga ƙanwarmu da za ta tsaya gaban iyayen yara

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun da safe, na bari sai da na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce ke sabuwar ma'aikaciyar lafiya ce, an ɗora miki yin bayani a taron iyaye da malamai na wata firamare kan allurar rigakafin kansar bakin mahaifa. Kin rubuta jawabi shafi shida kina ta hadda, amma da kin tuna za ki tsaya gaban jama'a sai gabanki ya yanke ya faɗi. Kina neman dabarar kashe tsoro, kina kuma tambaya ko ki tsallake maganar abin da allurar kan haifar don kada iyaye su firgita.

Waɗanda suka riga ni sun ce ki tsaya gaban madubi, ki ja numfashi, ki kurɓi ruwa. Duk ba laifi. Sai dai ni na daɗe ina yawon wayar da kai ƙauye-ƙauye, tun lokacin da ake rufe mana ƙofa a kan ɗigon shan inna, kuma ban taɓa ganin rawar murya ta kayar da mai magana ba. Mutane kan yafe wannan, wani lokaci ma tausayinki za su ji. Abin da ke kayar da mutum shi ne ya zo da jawabinsa a shirye tsaf, alhali bai san su wa ke zaune a gabansa ba, bai kuma san abin da suka taho da shi a ƙirjinsu ba.

Iyayen da za ki tarar ba yau suka fara jin maganar allura ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a a kan ko maganin ne ko cutar, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa, Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004, bayan an kawo wanda aka yi a Indonesiya. Ke kina yarinya a lokacin, ko ma ba a haife ki ba, amma uban da zai zauna a bencin gaba ya ji labarin da kunnensa. Yanzu ga ki kin zo da wata allura, kyauta, ta 'ya'ya mata zalla, 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma da sunan mahaifa a cikinta. Ko ba a faɗa miki ba kin san tambayar da ke bakinsa. In shafukanki shida ba su taɓa wannan tambayar ba, to da bango kika yi magana.

Don haka aikinki na farko saurare ne, kuma tun kafin ranar taro ake yin sa. Ki je makarantar ki zauna da hedimasta da shugaban ƙungiyar iyaye. Ki biya ta wurin mai unguwa da liman ki gaishe su, kada su fara jin labarinki daga lasifika. Ranar awo ki zauna cikin mata a asibitinku ki jefa musu tambaya ɗaya: me ake cewa a gari game da allurar nan? Daga nan ki ja bakinki ki yi shiru. Wannan shirun ya fi komai wahala ga ma'aikacin lafiya, domin da mun ji abin da ba daidai ba sai harshe ya fara ƙaiƙayi. Ki daure. Da kin gyara wa ta farko magana, sauran sun kulle baki ke nan, kin rasa abin da kika zo nema.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi. A zaurensa muka same shi, yana zaune kan buzu da carbi a hannu, abokin aikina ya zuba masa bayanin shan inna tiryan-tiryan. Bai katse shi ba ko sau ɗaya. Da ya gama sai dattijon ya ce, "Likita, na ji. Bara zazzaɓi ya ɗauke mini jika, na je asibitinku aka rubuta mini magani aka ce in je in saya. Wannan kuma har cikin gida kuke biyo ni da shi, ba ko sisi. Me ya sa?" Mutumin nan ba jahili ba ne, lissafi ya yi. Duk bayanin da aka yi masa na ƙwayar cuta bai taɓa inda ke masa ciwo ba. Ranar da aka fara amsa masa wannan tambayar kai tsaye, aka yarda cewa kukansa a kan zazzaɓi gaskiya ne, aka faɗa masa dalilin da ya sa ake bin shan inna gida-gida, wato cuta ce da ake iya kawar da ita baki ɗaya in kowane yaro ya samu ɗigon, a ranar ya aika aka fito da yaran. Irinsa za ki tarar a taronki, wataƙila ba ɗaya ba.

Ki tambayi yadda za a zauna. In maza ne a gaba mata a baya, ki sani mata ba za su ɗaga hannu a kan maganar mahaifa a gaban mazajensu da surukansu ba. Ki roƙi hedimasta ya ware miki aji guda bayan taro ki gana da su su kaɗai, a nan ne tambayoyin gaske za su fito. Ban san ko kina da aure ba, amma in ba ki da shi, budurwa ta tsaya gaban iyaye maza tana maganar saduwa abu ne mai nauyi a wurinmu, kuma babu amfanin yin kamar ba haka ba ne. Ki taho da babbar ma'aikaciya ko ungozomar da unguwa ta sani ta zauna kusa da ke, ko liman ya gabatar da ke da bakinsa. Tun bayan rikicin 2003 aka gane cewa inda sarki ko malami ya sa baki ƙofa ta fi saurin buɗewa, shi ya sa aka jawo sarakunan Arewa cikin aikin a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna a watan Agusta 2020. Gaisuwa kuma ki yi ta bisa tsari, mai unguwa, liman, hedimasta, iyaye, ba tare da kin mayar da ita rabin jawabin ba.

Shafi shida ya yi yawa, hadda kuma tarko ce: kalma ɗaya ta ɓace miki, sauran sun bi ta. Ki ɗauki abu uku ki rubuta a 'yar takarda da za ta shige tafin hannu. Mece ce cutar, me ya sa ake yi wa yara ƙanana, me zai faru ranar allura. Cikin minti goma ki gama, sauran lokacin na tambaya ne. Alƙaluma kada su wuce ɗaya ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan kansar a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Wannan ya wadatar. Ki bar Ingausa a ofis. An ruwaito daga Sayyidina Ali cewa a yi wa mutane magana da abin da suka sani, kuma ban ga wata ƙa'ida da ta fi wannan amfani a aikinmu ba.

Wuri mafi santsi a jawabinki shi ne yadda ake kamuwa. Ƙwayar HPV, wato ƙwayar cutar da ke jawo wannan kansar, ta hanyar saduwa take yaɗuwa, kuma akwai uban da zai ji kamar kin zagi tarbiyyar 'yarsa. Kada ki kauce wa maganar, kada kuma ki yi ta gatsal. Ki ce ƙwaya ce da ake iya ɗauka har tsakanin miji da mata na sunna, tana iya daɗewa a jiki shekaru ba a sani ba, shi ya sa ake yi wa yarinya tun tana gaban iyayenta, kafin ta je ɗakinta, a lokacin da jikinta ya fi karɓar rigakafin. Uba ya fahimci wannan sarai, domin shi ma tun tana ƙarama ake fara tara mata kayan ɗaki.

Yanzu tambayarki ta biyu, wadda ta fi damuna. A'a, kada ki tsallake. Ki faɗa musu hannu kan yi ciwo ko ya ɗan kumbura, wata ta yi ɗan zazzaɓi ko ciwon kai, wata ma jiri ya ɗebe ta har ta suma, galibi don fargabar allura, shi ya sa ake zaunar da su kamar minti 15 bayan an yi. Ki duba abin da zai biyo baya in kika ɓoye. Ranar allura yarinya ɗaya ta zube a layi, kafin azahar saƙon murya ya zagaye WhatsApp, kuma abin da za a riƙa faɗa shi ne ma'aikaciyar nan ta ce babu komai. Ba ke kaɗai kika faɗi ba, duk wanda zai zo bayanki da maganar ƙyanda ko mashaƙo ya tarar kin rufe masa ƙofa. In kuwa kin riga kin faɗa, uwar da ke wurin ita za ta ce ai an gaya mana. Haka nan kada ki ce ɗari bisa ɗari. Nau'i biyu na ƙwayar, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansar, allurar tana karewa daga gare su, amma ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, ba ta kuma ɗauke wa manyan mata zuwa gwaji.

Akwai wasu abubuwan da na ga abokan aiki suna yi waɗanda ban yarda da su ba ko da suna kawo adadi. Nuna hotuna masu tayar da hankali don a razana mutane. Ba da labarin wata marar lafiya yadda duk unguwa za ta gane wace ce, alhali amana aka ba mu. Barazanar cewa za a kori yarinya daga makaranta in ba a yi mata ba, ba tare da wani ya ba da wannan umarni ba. Janyo aya ko hadisin da mutum bai tabbatar ba don a rufe bakin mai tambaya. Wannan na ƙarshe ki bar wa liman, fagensa ne.

Lokacin tambaya ma saurare ne aikin. Wani zai miƙe da zafi, har ya haɗa da cewa kuɗi aka ba ku. Ki bar shi ya kai aya. Sannan ki maimaita tambayarsa da ƙarfi yadda na baya za su ji, ba tare da kin rage mata kaifi ba: Baba yana tambaya ko allurar nan tana hana haihuwa. Ki ce tambaya ce mai kyau in har kina ganin haka, ki amsa cewa an fara amfani da ita a duniya tun 2006, ƙasashe da dama na yi har da na Musulmi irin su Malesiya, kuma binciken da aka yi bai nuna tana hana haihuwa ba. Abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba, zan tambayo, ki faɗi ranar da za ki kawo amsa, ki kuma kawo. Kada shiru ya ruɗe ki. In kika ji an ce "to, mun ji, Allah ya saka da alheri" aka fara neman takalma, ba amincewa ba ce, sallama ce cikin mutunci. Taron da aka tsare ki da tambayoyi har kika yi gumi ya fi wannan sau goma.

Tsoron kuwa yana nan, ni ma har yau ina jin sa a minti na farko. Ki riƙe jumlarki ta buɗewa da ka, ki nemi fuska ɗaya mai sakin rai ki fara da ita, ki yi magana a hankali fiye da yadda kika saba. Ki je da wuri ki gwada lasifikar, in tana kuka ki ajiye ta ki matso kusa da mutane. Ki kuma roƙi hedimasta ya sa ki a farkon taro, kafin a shiga maganar kuɗin gyaran rufi, domin in aka fara wannan gardamar babu mai sauran kunnen jin ki. In kin rage jawabin zuwa abu ukun nan, turo shi nan mu duba miki kafin ranar.