Tambaya da Amsa: Wasan cike gurbi (cryptic crossword) na jaridun Ingila

Tambaya: Ina jin Turanci, amma wasan cike gurbi na The Times da The Guardian ya gagare ni. Ina matsalar take? Daga wani malamin makaranta, Zariya.

Amsa: Malam, ba Turancinka ba ne, karatun da kake wa alamar ne, wato jimlar da ake ba ka don ka gano kalmar da za ka cike. Kana ɗaukarta jimla mai ma'ana, alhali tarko ce. Galibi alama kashi biyu ce: ma'anar amsar, wadda ke farko ko ƙarshe, sai dabarar haɗa haruffa. Lambar da ke ƙarshe ita ce yawan haruffan.

Duba wannan: "Nigerian city found in outbreak anomaly (4)". Ma'anar ita ce birnin Najeriya. "Found in" na nuna amsar tana ɓoye. Bi haruffan: outbreaK ANOmaly. Kano ke nan, ba ruwanka da wata annoba.

Idan ka ga "broken", "drunk" ko "mixed", ƙirga haruffan kalmar da ke kusa. In sun yi daidai da lambar, birkita su za ka yi: LISTEN ya koma SILENT. Ka haddace gajerun nan: "learner" L ne, "love" O ne, daga ƙidayar wasan tanis, inda "love" ke nufin sifili. "Flower" kuwa sau da yawa kogi ake nufi, wato mai gudana (flow-er), ba fure ba. Nan masu koyo suka fi faɗawa.

Yi amfani da fensir. Kada ka rubuta amsar da ba ka iya bayyana kashi biyunta ba, domin harafi ɗaya na kuskure yakan ɓata kalmomin da suka gitta shi.