Hukuncin Bin Umarnin Likita Wajen Maganin Waswasin Tsarki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Na daɗe ina fama da waswasi, har alwala ɗaya takan ci mini kusan awa guda, kuma in rigata ta gogi ƙofar bayi sai na canja ta. Likitar da nake gani, wadda ba Musulma ba ce, ta ce in riƙa taɓa ƙofar da gangan, in yi alwala ba maimaitawa, in yi salla ko da zuciyata tana ce mini ban tsarkaka ba. Wani malami ya ce wannan wasa da salla ne. Ya halatta in bi ta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Ya halatta ka bi ta, kuma rashin Musuluncinta ba ya hana karɓar magani daga hannunta.

Abin da hukuncin ya rataya a kai shi ne ƙofa aka ce ka taɓa, ba najasa ba. Ƙofar da ba ka ga fitsari a jikinta ba tsarkakakkiya ce a shari'a, don haka likitar ba ta sa ka yin salla da najasa ba, ta dai sa ka daina wanke abin da Allah bai ɗora maka wanke shi ba. Da za ta ce ka shafa fitsari a riga ka yi salla da ita, da ban yarda ba. Saboda haka ku rubuta matakan maganin tare, ka nuna wa malami guda ɗaya sau ɗaya, ya cire abin da ya saɓa, shi ke nan.

Wannan hanya ba likitar ce ta ƙago ta ba. Wani masani mai suna Victor Meyer ya fara bayyana ta a Landan a 1966, kuma yau tana cikin manyan magungunan wannan ciwo. Hikimarta ita ce, duk lokacin da ka sake wanki sai ka ji sanyi na ɗan lokaci, wannan sanyin kuwa shi ke koya wa ƙwaƙwalwarka cewa tsoron gaskiya ne, sai shakka ta dawo da ƙarfi fiye da da. In ka tunkari abin tsoron ka ƙi wankewa, fargaba za ta hau, sannan ta sauka da kanta, kuma da maimaita haka daga mataki mai sauƙi zuwa mai wuya take rasa kaifinta. Sau da yawa ana yin zama 12 zuwa 20.

Game da malamin da ya ce wasa da salla ne, na san hujjar masu wannan ra'ayi: maimaitawa ita ce tsantseni, kuma an umarce mu mu bar abin da muke kokwanto a kai. Wannan magana daidai ce ga mai lafiya wanda shakka ke zuwa masa jefi-jefi, amma kuskure ne babba a ɗora ta a kanka. A mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zangunanmu, shakkar karyewar alwala tana wajabta sabuwa, amma Shehu Halil a Muhtasar ya keɓe mustankahi, wato wanda shakka ke zuwa masa kullum ko da sau ɗaya ne. Mai Risala ma ya ce irin wannan ya yi watsi da shakkarsa. To, ta yaya abin da malaman fiƙihu suka wajabta maka tun ƙarnuka zai zama wasa don kawai ya fito daga bakin likita? Sannan a duba inda wannan tsantsenin ya kai ka: jam'i yana wuce ka kana bakin famfo, ruwa yana zuba a banza, ɗinkin mutane yana jiranka. Tsantsenin da ke fitar da salla daga lokacinta biyayya ce ga waswasi. Ruƙiyya da azkar kam alheri ne, ka riƙe su tare da magani, amma kada su ma su koma abin da kake maimaitawa har sai zuciya ta kwanta.

Ina yi maka gargaɗi da abin da ba ka tambaya ba. Yawo da tambaya ɗaya daga wannan malami zuwa wancan shi ma wanki ne, sai dai da baki ake yin sa, don haka kada ka sake aiko mini da ita cikin wata siga. Ka gaya wa mutanen gida su daina amsa maka in ka ce, "Kun ga na wanke ƙafa?" In an ba ka ƙwayoyi, kada ka yanke su rana ɗaya ba da sanin likita ba. In kuma ƙunci ya kai ka ga tunanin cutar da kanka, ka sanar da ita a ranar, ko ka tafi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye. Sallolin da za ka yi cikin wannan magani ingantattu ne, babu ramuwa a kanka. Wallahu a'alam.