Tambayoyinku: Ina son zabbin daji su dawo gonarmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah shi ƙara basira. Muna da gona da ɗan jeji da munka gada wajen Kware, sanda muna yara garke-garke zabbin daji ka sauka bakin fadama da marece, yanzu ko ɗaya ba a gani. Na ga bidiyo a Facebook yadda manoman Amurka ke gyara filayensu saboda talo-talon daji, shi ne na ce ko in sayo talo-talo da zabbi kasuwa in sake su ciki? Mai karatu daga Kware.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kada ka sayo, kuɗinka za ka zubar. Talo-talon daji tsuntsun Arewacin Amurka ne, kuma su kansu Amurkawan sun gwada wannan dabara taka, wajen shekarun 1930 farauta da saran daji sun kusa ƙarar da shi, sai aka riƙa kiwonsa a keji ana saki amma abin bai yi ba don tsuntsun da ya tashi a keji bai san gudun maƙiyi ba, sai da aka koma kama na jeji da raga ana kai su inda wurin ya dace sannan suka yaɗu har miliyoyi.

To mu namu zabo ne da fakara, kuma buƙatarsu kusan ɗaya da ta talo-talon. A ƙasa zabuwa ke yin ƙwai, da damina, cikin ciyawa mai duhu, ta kwanta kansu kwana 26 zuwa 28. In kowane lungun gonarka fes yake, an nome an kiwace, ina za ta ɓuya kusan wata guda daga kare da muzuru da yara? Bar mata gefen gona, gamba da sabara da geza su tashi abinsu, kada kowa ya shiga da lauje ko dabba sai bayan kaka.

Abin da ya fi damuna kuma feshi ne. 'Yan tsakin nan makonninsu na farko ƙwari ne abincinsu, fara, gara, tururuwa, ka ga uwar gaba su suna bin ta suna tsince ƙasa, to in ka feshe har kan iyaka da maganin ƙwari ka kashe masu tuwo ke nan. Suna kuma son ciyawar da ƙasanta ke da sarari, ƙafarsu gajera ce, in ta cushe da yawa ba su ratsawa, raɓa ma ta jiƙa su sanyi ya kama su.

Kan itace zabbi ke kwana, saboda haka gawo, kurna, aduwa ko tsamiyar da ke wurin kada a sare. Wuta kuwa, ka share hanya kewayen jejin tun farkon rani.

Ka je wurin mai gari da maƙwabtan gona da makiyayan da ke bi ta nan ku yi magana a kan kwasar ƙwai da tarko, don zabo bai san iyakar gonarka ba. Da bazara kuma ka binne tsohuwar tukunya mai faɗin baki ƙarƙashin sabara, kana zuba ruwa da sassafe.