Iskar gawayi da haidurojin: me ya sa inji ke rage ƙarfi?

Tambaya: Na haɗa janareta mai shan fetur da tukunyar da ke fitar da iskar gas daga gawayi. Yana tashi lafiya, amma da na ɗora masa kaya sai ya kama nishi. An ce in koma haidurojin. Injin ne ke ɓarnar makamashi?

Amsa: Malam, injinka ba ɓarna yake yi ba, cikinsa ne ke cika da abin da ba ya ci da wuta. Kusan rabin iskar gawayi ko itace naitirojin ce, wadda ba ta ƙonewa. Abin da ke ƙonewa shi ne kabon monoksaid, kimanin kashi 20 cikin 100 ko fiye, da ɗan haidurojin. Fetur ɗigo kaɗan yake shiga silinda, wato ɗakin da mai ke ƙonewa a cikin inji, ya bar wa iska fili. Ita kuwa wannan gas sai ta cinye kusan rabin silindar. Shi ya sa ƙarfi ke faɗuwa da kimanin kashi 30. Direbobin Suwidin da Jamus sun sha wannan a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙarancin fetur ya sa motoci ɗaukar tukunyar itace a baya.

Amma gas ɗin tana jure matsi fiye da fetur. In aka ƙara wa injin matsi, aka matso da lokacin tartsatsin fulogi gaba kaɗan, zai tatsi makamashin da kyau. Sanyaya gas ɗin kafin ta shiga, domin mai zafi ta fi cin wuri. Tace ta kuma sosai: kwaltar da ke biyo ta kan manne bawul, ka wayi gari injin ya ƙi juyawa. Kada ka kunna tukunyar a rufaffen ɗaki, kabon monoksaid ba shi da wari, kuma yana kisa.

Haidurojin kuwa, kilo ɗaya na ɗauke da makamashin kusan kilo 3 na fetur, sai dai shi ma yana cin kimanin kashi 30 na silinda. Ga saurin kamawa: bawul mai zafi kawai ya isa ya kunna shi, wuta ta dawo baya ta bututun shiga. Kamfanin BMW ya gwada shi a motar Hydrogen 7 wajen 2007, bai wuce motoci ɗari ba.

In kuma ana nufin ƙaramar na'urar nan mai raba ruwa da lantarkin injin kansa don ta fitar da haidurojin, riƙe kuɗinka. Lantarkin da za ta sha ya fi abin da haidurojin ɗin zai mayar maka. Ni dai da tata da sanyaya zan fara, sannan in rage wa janaretan kaya.