Zanen ya fito a allo, amma fayil ɗin hoton fari fat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune a Aboabo nan Kumasi. Ina koyon harshen kwamfuta na Python, kuma da Matplotlib, kayan aikinsa na yin zane, nake zana yadda farashin albasa ke hawa da sauka a kasuwar Kejetia. A allo zanen na fitowa lafiya lau, amma in na buɗe hoton da na ajiye sai in tarar ba komai a ciki. Kwamfutar ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Ban ga abin da kika rubuta ba, amma ina kyautata zaton kin sa plt.show(), umarnin nuna zane, a sama, plt.savefig(), umarnin ajiye shi, a ƙasa. Kusan duk mai koyon Matplotlib sai ya ci wannan tuntuɓen.

Abin da ke faruwa shi ne, show yana buɗe taga ya tsayar da aikin, yana jiranki. Da kin rufe tagar, zanen ya tafi da ita. Idan aka iso kan savefig ba zanen da ya rage, shi kuma ba zai yi ƙorafi ba: sai ya buɗe sabon shafi marar komai ya ajiye miki shi. Shi ya sa ba ki ga jan rubutun kuskure ba. Juya layukan kawai, ajiya ta riga nunawa.

In kuma a Jupyter ko Google Colab kike aiki, wato manhajojin da ake rubuta Python a cikinsu akwati-akwati, akwai wani tarkon. Can ana rufe zanen ne da zarar akwatin da kika rubuta umarnin a ciki ya gama aiki, don haka savefig da ke akwati na gaba fanko zai ajiye. Ni dai shawarata, tun yanzu ki saba fara aiki da fig, ax = plt.subplots(), ki yi zane a kan ax, ki ajiye da fig.savefig("albasa.png"). Ta haka kin kama zanen da sunansa, ba ki bar kwamfuta tana cankar wanda kike nufi ba.

Da hoton ya fito, za ki ga wani abin da ba zai miki daɗi ba: dishi-dishi. In ba ki faɗi girma ba, Matplotlib na yin zane mai faɗin inci 6.4 da tsayin inci 4.8, ɗigo 100 a kowane inci, wato 640 da 480. Wannan ya yi kaɗan ga aikin da za a buga a takarda. Ƙara dpi=300 cikin savefig, zai zama 1920 da 1440. Idan sunayen watanni sun guntule a ƙasa, ƙara bbox_inches="tight". Ki guji JPG, yana ɓata gefen rubutu da siraran layuka. PNG ya fi, PDF kuwa ko an faɗaɗa shi ba ya dushewa. Kuma in ta WhatsApp za ki tura wa malaminku, tura shi a matsayin fayil, don in kin tura a matsayin hoto manhajar za ta matse shi.

Tambaya: Malam, daga Asawase nake. Na rubuta taken zanena da Hausa, sai ƙ da ɗ suka koma 'yan akwatuna.

Amsa: Ɗan'uwa, ka canja salon haruffa ne zuwa wanda ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Tun daga siga ta 2.0 da ta fito a 2017, Matplotlib na zuwa da DejaVu Sans, kuma yana da ɓ, ɗ, ƙ, har da ɛ da ɔ na maƙwabtanmu masu jin Twi. Nemo layin da ka sa font.family ka goge shi. In akwatunan ba su tafi ba, karanta gargaɗin da ke fitowa a ƙasa. Yana faɗin harafin da aka rasa da kuma salon da ya rasa shi.

Tambaya: Ina zana canjin sidi da dala, sai taken zanen ya cakuɗe, kalmomin suka manne da juna suka karkace.

Amsa: Alamar $ sau biyu ka sa a layi ɗaya. Duk abin da ke tsakaninsu Matplotlib na ɗaukarsa lissafi ne, sai ya cire tazara ya karkatar da haruffan. Sa \ a gaban kowace alamar, ka kuma sa r kafin buɗe alamar zance, ko ka rubuta "dala" ka huta.