Rana na dukan tsiya, amma batir ya ƙi cika

Tambaya: Malam, ina da shagon cajin waya a Mabera. Na sa farantan sola biyu masu wat 300 a kan rufin kwano. Abin da ya ɗaure mini kai, yanzu cikin Afrilu rana kamar ta dafa mutum, amma batirin ba ya cika yadda yake cika a Oktoba. Ko mai haɗin ya cuce ni?

Amsa: Alhaji, kada ka ɗauki alhakin bawan Allah tukuna. Da yawanmu a Sakkwato mun ɗauka zafin rana ne ke zama lantarki. Haske farantin yake ci, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi.

Dubi farantin da kyau, za ka ga ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu. Da silikon aka yi su, wanda ake tacewa daga yashi. Idan haske ya sauka a kansu sai ya zaburar da ƙwayoyin lantarkin da ke ciki, su bi siraran wayoyin nan masu launin azurfa. Kowane gida kusan rabin bolt yake bayarwa, shi ya sa ake jera 60 ko 72 a faranti guda. Wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya gano haske na haifar da lantarki tun 1839, amma sai 1954 aka ƙera irin wannan gidan na silikon mai amfani a Amurka.

To, wat 300 ɗin da aka rubuta a bayan farantinka, an auna shi ne farantin na kan digiri 25. A bazara iskar garin nan na haura 40, farantin da ya kwanta a jikin kwano kuwa yana iya kai 65. Ka gwada ɗora tafin hannu da azahar, ba za ka daɗe ba. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, kusan kashi 0.4 cikin ɗari ke zubewa, ka ga 300 ta koma wajen 250. Ga ƙurar da ta taru tun hunturu babu ruwan saman da zai wanke ta, ga fanka da ba ka kashewa, shi kansa batirin ba ya son zafi. A Oktoba kuwa damina ta wanke maka gilashin kyauta, sama ta yi garau.

A ɗaga farantan daga kwano kamar taƙi ɗaya, iska ta riƙa bi ta ƙasa. Su fuskanci kudu, a ɗan karkace su digiri 13 zuwa 15. Ka duba kuma ko inuwar dogon yaro ko ta tankin maƙwabci na faɗawa a kai. Ƙananan gidajen farantin a jere suke, inuwa ta rufe ɗaya sai ta ja saura ƙasa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sola na aiki a cikin hazo? Kuma da me zan wanke ta?

Amsa: Malama, tana aiki, sai dai wutar na raguwa gwargwadon kaurin hazon. Ki wanke da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi, soson ƙarfe kuma yana karce shi. Cikin hunturu sau ɗaya a mako bai yi yawa ba.